Ranar da Na Kai Gwaggo Dutsen Haihuwarta

Shekaru da yawa na yi ina tuƙa wata tsohuwar kat-kat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, daga Madarumfa zuwa ƙauyukan da babbar mota ba ta shiga. Na ɗauki albasa da busasshen kifi, na ɗauki masu allurar rigakafi, na ɗauki amare da kayansu. A wannan aikin na san rairayi kamar yadda masuntanmu suka san ruwan tabki. In na dubi launinsa daga nesa, nakan gane wanda zai ɗauki mota da wanda zai riƙe ta.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma can kudu, dab da iyaka, akwai duwatsu tsaye cikin daji. A kan ɗaya daga cikinsu aka haifi mahaifina da yayarsa, wadda muke ce wa Gwaggo. Mahaifina ya musulunta tun yana saurayi, ya sauko ya zauna Madarumfa. Gwaggo kuwa ta riƙe addinin iyayensu, ta yi aure a wani gari, da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu. Ba ta salla, kuma ba wanda ya taɓa matsa mata. Ita ce ma ke tashe mu sahur in azumi ya kama.

Shekarar da mahaifina ya rasu, bayan an gama yankan gero, ta same ni a ƙofar gida ta ce in kai ta dutse. Na gaya mata ba kowa a can yanzu, mutane sun sauko tuni. Ta ce ta sani, amma uwarsu tana kwance a can, kuma ba wanda ya je ya gaya mata autanta ya tafi.

Direbobi a tasha suka ce in haƙura, ruwan bana ya cinye hanyar. Na saurare su, na gode musu, na je na cika tanki da man gazuwal. Na ɗora shebur, da katako, da famfon iska, da jarkar ruwa. Matata ta ce da ita za a je, don a sami mai riƙe tsohuwa in mota ta fara tsalle.

Da hantsi mun bar jar hanya mun shiga turbar amalanke, tsakanin gonakin da aka yanke. Karan gero na goga jikin mota ta kowane gefe. Ba wuya a nan, sai dai ka bi sawun shanu, ka kiyaye kututture.

Sai muka iso gulbi. Ruwa ya janye, ya bar farin rairayi mai faɗi, wanda in ka gan shi ka ce filin idi ne. Na tsaya a gaɓa, na sauka da sanda na taka shi har wancan gefe ina caka. Samansa busasshe, amma a tsakiya sandar na fitowa da laima. Na bi ta hannun dama inda tsakuwa ta fi yawa, na kafa kara na yi wa kaina alama. Na dawo na rage iskar tayoyi har suka ɗan baje, na sa ƙafafun mota duka huɗu su ja. Matata ta fara karanta abin da ta sani. Na ce mata ta ci gaba, amma ta riƙe Gwaggo da hannu biyu. Dabarar ita ce kada ka yi gudu, kada kuma ka ɗaga ƙafa daga kan totur. Mota ta yi gurnani, bayanta ya ɗan karkace a tsakiya, na bi ta a hankali ta miƙe, muka hau gaɓa.

Abin da ya tsayar da mu yana gaba. Dutsen ya fito sosai, baƙi, da ƴan itatuwa a kafaɗarsa, sai turba ta yanke. Korama ta haƙa rami a gicciye, zurfinsa ya kai ƙugun mutum. Na zaga hagu, ƙaya ce da duwatsu. Na zaga dama, na sami inda bakin ramin ya rufta ya ɗan kwanta. Na fasa shi da shebur ina jera duwatsu a ƙasa, matata na miƙo mini.

Muna cikin haka wasu mutane da ke ɗaurin dami a gona kusa suka taho, suka kama aikin ba tare da an roƙe su ba. Cikinsu akwai wani dattijo dogo da laya a damtse. Ya leƙa mota don ya gaida tsohuwa, sai ya tsaya yana kallon zanen fuskarta. Ya tambaye ta ko ita ɗiyar gidan maƙera ce na kan dutse. Gwaggo ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Kai ne wanda akuyarmu ta tunkuɗe cikin rijiya?"

Ya yi dariya har ya dafa mota. Ashe tare suka yi ƙuruciya. Ya ce rijiyar ta ƙafe, akuya ta mutu, shi kaɗai ya rage.

Da aka gama cikon na sa kowa ya sauka, na shimfiɗa katako, na shiga ramin a karkace don kada gindin mota ya daki ƙasa. Taya ɗaya ta rataya a iska na ɗan lokaci, sannan ta sami dutse ta kama. Dattijon ya shiga gaba ya zauna kusa da ni yana nuna hanya da haɓa, har muka isa wata inuwar gawo inda ko amalanke ba ya wucewa. Daga nan sai ƙafa.

Na ce wa Gwaggo in goya ta, ta ƙi. Ta karɓi sandata ta shiga gaba, tana hawa tana hutawa, tana nuna wa matata inda suke shanya tsaki da inda kura ta taɓa ɗauke musu kare. Sai da muka zo wani falalen dutse mai santsi ta tsaya, ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "To, ɗan ƙanena, duƙa."

Na duƙa ta hau. Ba ta fi damin gero nauyi ba. Na cire takalmi na hau da ita ina dafa dutse da hannu ɗaya.

A sama akwai fili a tsakanin duwatsu, da sauran gindin rumbuna da fasassun tukwane. Gwaggo ta karɓi ƙwaryar farau-farau da ta sa aka dama mata tun gida, ta ce mu tsaya nan. Ita da dattijon suka wuce bayan wani dutse. Daga inda nake ina hango bayanta, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta zuba abin da ke ƙwaryar a ƙasa, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin kasuwa. Ban ji abin da ta ce ba, ban kuma tambaya ba. Lokacin azahar ya yi, ni da matata muka yi salla a kan wani falalen dutse. Da na sallame na yi wa mahaifina addu'a a wurin da ya koyi tafiya.

Da ta dawo idonta a bushe yake. Ta ce ta gaya wa uwarsu, mu tafi tun rana na sama.

A gindin gawo dattijon ya ba ta ƙunshin gujiya, suka yi ban kwana ba doguwar magana. Komawa ta fi sauƙi, don sawunmu na nan, na bi shi taya a kan taya. Da muka shiga rairayin gulbi Gwaggo ta fara wata waƙar daka da ban taɓa ji ba, tana buga ƙofar mota da tafin hannu. Matata ta kama amshi kafin mu kai jar hanya, kuma haka suka yi ta yi har muka hango ruwan tabki da masu kwale-kwale suna fitowa da kamun yamma.