Zakaran Kaka Dije da Barcin Dorina

Kakata Dije, mahaifiyar babana, ba ta yin tatsuniya sai ta hura wutar banda. Da an idar da sallar isha'i za ta jera kifin da babana da ƙannensa suka kamo a kan raga, ta cusa ɗanyen itace a ƙasa don ya yi hayaƙi, mu kuma jikoki mu kewaye ta, idanunmu na hawaye amma babu mai matsawa. Tana juya kifi da hannu ɗaya, tana korar mage da ɗayan. A bayanta akwai akurkin kajinta, irin durgu masu gajerun ƙafafu, jajaye da baƙar jela.

Kajin nan sun riga mu sanin halinta. A gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Ina ƙarami aka tare ruwa a Kainji, ya taso ya shanye gungunmu, aka kwashe mu zuwa sabon gari a bakin tafki ta wajen Wara. Ranar tashi masu jirgi suka ce kaya sun yi yawa, babu wurin kaji. Kaka ta sauko ta zauna a kan turmi, kwandon kaji a cinyarta, ta ce, "To, ni ma babu wurina. Ku tahi, ruwa ya iske mu tare." Babana ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. A ƙarshe wata tsohuwar randa aka sauke, kwando ya hau.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana a sabon garin ita ce ta dorina. Tana da yadda take buɗewa, nata na kanta. Sai ta ce, "Ga ta can tahe cikin kwalekwale." Mu ce, "Ta sauka mu gan ta!"

Wai an yi wata tsohuwa a wani gungu, ba ta da kowa sai zakara da 'yar gonar albasa. Akurkinta yana bakin wani gurbi mai zurfi, a gurbin nan kuma dorina, sarauniyar ruwa, take kwana da ɗanta. Dorina da dare take kiwo, sai gari ya kusa wayewa take komawa ta kwanta. Da ta rufe ido, sai zakara ya ɗaga wuya. Ta yi haƙuri har ta gaji, ta aiko kada da saƙo: a yanka zakaran nan.

A nan Kaka kan ajiye kifi ta riƙe ƙugu, ta zama tsohuwar. "Kai kada, koma ka hwaɗa mata ni Allah ya ba zakara, ita ya ba ta ruwa. Na taɓa ce mata ta rage ruwanta? Ba ni yanka shi!" Mu kuwa sai ihu da tafi.

Dorina ta yi fushi, ta busa ruwa ya taso ya cinye gonar albasa. Zakara ya yi cara. Ta ƙara busawa, ruwa ya ɗauke rumbu. Zakara ya yi cara. Ruwa ya shiga ɗaki, tsohuwa ta goya zakara da zane ta hau jinka. Ruwa ya kai jinka, ta hau giginya. Kada ya zo gindin giginya yana cewa, "Iya, kan tsuntsu ɗaya za ki mutu?" Ta leƙo ta ce, "Yau tsuntsu, gobe mi za ta ce in yanka?"

To, ruwan da dorina ta tayar ya rufe kowace alama. Babu gaɓa, babu dutse, babu gungu, ko'ina ruwa iri ɗaya. Da ta fita kiwo ta bar ɗanta a gurbi, sai ta rasa hanyar komawa. Ta yi gabas ta yi yamma tana kuka, ga tururin asuba ya kwanta a kan ruwa, ba a ganin komai. Can sai ta ji cara daga kan giginya. Ta bi muryar nan har ta iske ɗanta.

Da na ji wannan wurin, ni an gama mini tatsuniya. Nakan miƙe ina tsalle ina cewa tsohuwa ta ci, dorina ta sha kunya. Kaka takan daka mini tsawa: "Audu, zamna, ba ta ƙare ba!" Sai ta ƙarasa da murya ƙasa-ƙasa, lokacin rabinmu sun fara gyangyaɗi. Wai dorina ta janye ruwanta. Tsohuwa ta sauko, ta dubi idon dorina ta gan shi ja wur don rashin barci. Ta tumɓuke akurkin daga bakin gurbi, ta ɗauke shi a ka ta kai can ƙarshen gungu, ta kafa shi a bayan ɗakinta. Zakara bai fasa cara ba, dorina kuma ta sami barci. "Kwalekwale ya juya," in ji Kaka, "wanda bai shiga ba sai ya biyo da iyo." Wata rana ƙanwata ta tambaye ta ko namu ruwan ma zai janye. Kaka ta juya kifi ta ce, "Wancan na tatsuniya ne. Ku tashi ku kwanta."

Na girma, na koyi sassaƙar jirgi da kafinta, na dawo Yelwa na yi gida. Da Kaka ta rasu, a rabon kayanta babu wanda ya kula da kaji, sai na ɗauko su. Jinin nan bai yanke a gidana ba har yau. Suna kiwo a ɗan lambun bayan gida, tsakanin zogale da yakuwa da kuɓewa, kashinsu kuma shi ne takina. Zakaran da nake da shi yanzu sunansa Ɗan Gungu. Gajere ne kamar an danna shi, amma in ya buɗe maƙogwaro sai ka rantse da lasifika aka haife shi.

Da can bayan katangata fili ne. Yanzu an yi gini, wani saurayin magidanci mai suna Malam Nasiru ya tare, ma'aikacin jinya ne, yawanci a asibiti yake kwana. Tagar ɗakinsa tana kallon akurkina, katanga kawai ta raba su. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, don Allah wata alfarma. Zakaran nan, da na dawo aiki na kwanta yake farawa. In ka yarda a yanka shi, in kawo maka kajin gidan gona manya a madadinsa."

Na ce, "Waɗanda ba su iya tsayuwa da ƙafarsu? Malam, nan ka iske shi. Da za ka fasa tagarka, ka yi shawara da shi?"

Ya tashi ya tafi. Babban ɗana Sani, da yake jin mu, ya ce, "Baba, a yanka mana mu sha romo, kowa ya huta." Na ce masa, "Romon kakarka za ka sha? Tashi ka ba ni wuri."

Magana ta kai gaban mai unguwa, wanda tare muka yi ƙuruciya. Da ya gan ni sai ya fara dariya. "Audu, tsakanin kai da zakaran ga, wa ya koya wa wani taurin kai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gado muka yi ni da shi, wuri ɗaya."

Ya ce, "Unguwa ta cika, Audu, ba gungu ba ne nan. Mutum yana da haƙƙin barci."

Na ce, "Ni ma ina da haƙƙin abin da ke cikin katangata. Ruwa ya ci gidan da aka haife ni, ya ci kabarin kakana, ya ci itacen da na fara hawa. Abin da ya haye da mu da rai, kajin nan ne. In an ga wuƙa a wuyan Ɗan Gungu, to an riga an kai ni makwanci."

Sai Malam Nasiru ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Baba, ni ban san tarihinsa ba. Abin da na sani, shekaranjiya ina tsaye kan wata yarinya mara lafiya da allura a hannuna, barci ya ɗauke ni a tsaye. Allah ne ya tsare."

Na ɗaga kai na dube shi sosai, abin da ban yi ba tun zuwansa unguwar. Idanunsa ja wur. Wallahi a take na ji warin hayaƙin banda, na ji muryar nan tana cewa, Audu, zamna, ba ta ƙare ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yankawa dai ba ni yi, ko yau ko gobe. Kada wanda ya sake kawo mini wannan magana. Amma akurki zai tashi."

Na fiddo ragowar katakon jirgi masu kauri, na ƙera sabon akurki a ɗaya gefen gidan, a ƙarƙashin tagar ɗakina. Na yi rufinsa ƙasa-ƙasa, don zakara ba ya sakin murya duka sai ya miƙe wuya. Da magariba in rufa masa buhu, ba na buɗewa sai rana ta ɗaga. Bai daina cara ba, kuma ban so ya daina ba. Yanzu dai a kunnena take sauka. Maiɗakina ta ce, "Malam, wato ka sayo wa maƙwabci barci da nawa." Na ce mata ita ba ta riƙe allurar kowa.

Malam Nasiru ya ce mini yana jin sa har yanzu, amma daga nesa, kamar a mafarki. Na ce, "Wannan kam za ka ji shi har ka yi furfura."

Na daɗe a duniya ina ɗauke da rabin tatsuniyar Kaka. Na riƙe hawan giginya, na manta da ɗaukar akurki, kuma na san mutanen kirki da na rasa saboda haka. Amma kada wani ya ce rabin farkon kuskure ne. Da tsohuwa ta miƙa wa kada zakaranta lokacin da ya zo gindin giginya, da dorina ta rasa ɗanta, da ita tsohuwar kuma ta ƙare rayuwarta tana jiran saƙo na gaba. Kaka ba ta koya mana sunkuyar da kai ba. Ta nuna mana ne cewa abin da ba a bayarwa daban, wurin da aka ajiye shi daban. Na farkon a tsaya a kansa ko ruwa ya kai wuya, na biyun kuwa a ɗauke shi da ka, ba sai an roƙa ba.

Da kazata ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, na kira 'yar Malam Nasiru, mai yawan leƙen kajina ta ƙofa, na ba ta 'yan tsaki a kwali. Ta raine su, tana ba su tsaki da hannunta, har sunaye ta sa musu. Ɗaya daga ciki ya fito da jan tukku da baƙar jela. Jiya da hantsi ina ban ruwa a lambu, sai na ji wata 'yar shaƙaƙƙiyar cara daga bayan katanga, ta mai koyo, ta tsaya a rabi. Na ajiye bokiti na saurara. Ɗan zakaran ya sake gwadawa.

Ragowar katako tana nan na ajiye wa Malam Nasiru, in ya zo nema. In kuwa wuƙa ya ɗauko, ba da ni zai yi ba. Da 'yarsa zai yi, kuma na ga yadda yarinyar nan take riƙe ƙugu.