Ragowar Wutar Kaka

Har yau in na ji ƙaurin wayar lantarki, gidanmu na Al-Awali nake tunawa, da kakata wadda ba ta yarda da kowa ba, har da bango.

Wuta iri biyu ce a gidan, kamar yawancin tsofaffin gidajen Madina: ƙarama ta ƙwan fitila da rediyo, babba ta mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. A ɗakin sama akwai wani ɗalibin jami'a ɗan Kano, mai kunya, wanda Kaka ta ba masauki saboda Allah. A bazarar da dabino ya nuna, ta lura duk sanda ya ɗora shayi a butar lantarki ƙwan ɗakinta kan dushe. Shi kenan, ta sa masa ido.

Kawuna mai gyaran famfunan gona ya zo da na'urar awo mai allura. Wayoyi uku suka shigo gidan, biyu masu wuta, ɗaya ta tsakiya. Ya auna ta farko da ta tsakiya, ɗari da ashirin da bakwai. Ta biyu ma haka. Da ya haɗa masu wutar biyu, allura ta tsaya a metan da ashirin.

Kaka ta yi shekaru tana sayar da dabino, lissafi ba ya kuɓuce mata. Ta ce, “Ɗari da ashirin da bakwai sau biyu ai metan da hamsin da huɗu ne. Saura talatin da huɗu. Ina suke?”

“Ya ummi, ba a tara wutar kahraba haka. Wayoyin ba sa turowa lokaci guda, ɗaya na bin bayan ɗaya, kamar mata biyu a turmi ɗaya.”

“Rufa masa asiri dai kake.”

Ta ce ɗalibin ne ke sace ragowar, shi kuwa bai yi musu ba. Ya ɗaure littattafansa, ya durƙusa ya yi mata godiya, ya tafi. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Washegari ta sa kawu ya sake awo. Metan da ashirin, ko gezau. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta shige ɗaki. Da la'asar ta aike ni unguwar Ƙurban da kwanon tuwo, don an ce can ɗalibin ya nufa. Na yi ta tambaya, ba wanda ya san shi.

Yanzu an sake wa gidan waya, wutar duk iri ɗaya ce, jikoki kuma da Larabci suke amsa min. Ɗakin saman ne kawai bai canza ba. Har Kaka ta rasu ba ta yarda an sa kowa a ciki ba, wai mai shi zai dawo.