Ranar da Muka Yi wa Sabon Manifol Walda

Shekarun baya, ba a daɗe da komawa tuƙi a hannun dama ba, na samu shiga yadin gyaran motoci na wani kamfanin kwangila da ke aikin tituna a nan Kaduna. Ni dai ba wanda ya koya min kanikanci a makaranta. Mahaifina akawu ne a sakatariya, burinsa in zauna a ofis kamar shi, ni kuwa tun ina ƙarami duk abin da ke da noti a gidanmu na Abakpa sai na kwance shi. Keken ɗinkin mahaifiyata ya sha, rediyon Baba ma ya sha, kuma tun daga ranar rediyon bai sake magana ba. Da na shiga yadin sai na tsinci wani tsohon littafin inji a sito, bango ya yage, duk shafukan baƙin mai. Shi ya zama makarantata. Turancina na ɗan firamare ne, amma hotuna ba sa neman tafinta. Duk wanda na kama sai na cika masa kunne da labarin inji, har leburori suka koma ce min injiniya ba takarda.

Akwai wata buldoza a yadin, babba, mai injin gas. A gefen injinta akwai abin da muke kira manifol, wato wani dogon ƙarfen zubi mai baki shida. Shi ke kwashe hayaƙi mai zafi daga inji ya miƙa wa salansa. Idan inji na aiki sosai, ƙarfen nan har ja yake yi. To na wannan buldozar sau biyu yana tsagewa cikin shekara guda.

Direbanta wani dattijo ne mutumin kudancin Zariya, yana zaune a Kurmin Mashi da matarsa da 'ya'ya biyar. Mutum ne mai barkwanci. Kullum da safe in na gaishe shi sai ya ce, "Ƙanena, yau wane shafi za ka karanta mana? Ka bari dai in sha koko tukuna." Shi aka ɗora wa laifin tsagewar. Wai an taɓa ganinsa ya watsa wa inji ruwa da zafinsa don ya wanke ƙasa. Ya rantse sau ɗaya ya taɓa yi, tun da daɗewa, amma magana ta riga ta zauna. Injiniyan kamfani ya kira shi ofis ya ce idan manifol ya sake tsagewa a hannunsa, ya ajiye makulli ya kama hanyar gida.

Aka yi odar sabo, muka jira wata da watanni. Ranar da akwatin ya iso, ni na ɓalle shi. Muka leƙa, sai ga manifol gida uku! Ba guda ɗaya dogo irin wanda muka sani ba. Bakin wannan yana shigewa cikin na wancan, amma in ka girgiza sai ka ji yana motsi. Ga wasu ƙusoshi dogaye, sun fi na da tsawo, kowace da ɗan guntun bututu a jikinta. A ƙasan akwatin kuma akwai takarda mai zane.

Maigidana shi ne shugaban makanikan yadin, kuma gwanin walda ne na gaske. Ƙarfen zubi ba kowa ke iya yi masa walda ba, amma shi sai ya gasa shi, ya like, ya binne a toka ya huce a hankali, ka rantse ba a taɓa shi ba. A yadinmu ba a zubar da komai, duk abin da ke motsi walda ce maganinsa. Ya ɗaga gutsattsarin nan ya jujjuya, ya yi tsaki.

"Kun gani ko? Don ya shiga ƙaramin akwati suka yanka shi uku. Ta nan hayaƙi zai riƙa fita. A hura wuta."

Ni kuwa na koma gefe da takardar. Ban gane duka ba, amma na gane abin da ya isa. Tsohon samfurin ne ke da matsala. Ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake, in ya huce ya koma, shi kuma dogon nan an ɗaure shi tamau ba inda zai motsa, dole ya tsage. Shi ya sa suka sake shi gida uku, don kowane ya samu wurin numfashi, in ya ɗau zafi bakunan su kumbura su toshe da kansu. Wallahi daɗi ya kama ni kamar ni na ƙera shi. Na taso da sauri, amma da na iso gaban Maigida, ga mutane kusan goma a tsaye, sai na mayar da maganar tambaya.

Na ce, "Maigida, anya ba haka suka yi shi da gangan ba?"

Wani ya ce, "To fa, injiniya ba takarda ya zo!" Aka kwashe da dariya.

Maigida bai ko dube ni ba. Ya ce, "Yaro, tun ana goya ka nake ƙona hannu a wannan aiki. Zo ka riƙe min nan."

Na ninke takardar na sa a aljihu, na je na riƙe. Da hannuna na riƙe masa har ya like gidajen uku suka zama ɗaya. Dogayen ƙusoshin aka watsa su cikin gwangwanin noti, muka ɗaure da tsofaffin. A gidanmu ba a yi wa babba gyara a gaban jama'a, haka aka rene ni, kuma da wannan na lallashi kaina. Amma bayan an watse ma ai ina iya samunsa shi kaɗai. Ban je ba. Dariyar nan ce ban so a sake yi min.

Bai yi wata biyu ba na ga baƙin hayaƙi ya fara zane a gefen inji, kusa da waldar. Direban ya riga ni gani. Ya jawo ni bayan buldoza ya ce, "Ƙanena, don Allah ka rufa min asiri. Saura kaɗan ruwa ya sauka a ajiye aiki. In an ajiye sai mu roƙi Maigida ya like shi shiru. Babbar 'yata ta shiga sakandare bana, in aka kore ni ina zan nufa?"

Na ce to. Takardar tana gida cikin littafina, amma ban ce masa komai ba.

Tsagar tana daidai inda iska ke kwaso hayaƙin ta watsa wa mai tuƙi a fuska. Ya koma ɗaura jiƙaƙƙen tawul a hanci, yana cewa ƙura ce ta dame shi. Ga zafin bazara. Idanunsa suka yi ja, tari ya kama shi, barkwancin ma ya ragu. Sati biyar yana haka. Ran nan da azahar ya tsayar da buldoza zai sauko, jiri ya kwashe shi, ya faɗo daga kan sarƙar ƙafar buldozar ya karya hannu. Aka kai shi asibiti. Injiniya ya zo ya leƙa inji, ya ga tsaga, kafin la'asar an buga takardar sallama.

Da na koma gida na kasa cin tuwo. Mahaifina ya lura, bayan magariba ya kira ni zaure. Na kwashe komai na faɗa masa, na ce gobe zan kai wa injiniya takardar.

Ya ce, "Ka yi laifi ɗaya, kada ka ƙara na biyu. In ka tsallake maigidanka ka je ofis, ka tozarta shi, kuma za a ce yaro ne ke neman kujera. Ka je gidansa, ku biyu. Ka karanta masa. In mutumin kirki ne, ya san abin da zai yi. In bai yi ba, ka zo ni zan raka ka ofis ɗin."

Ranar Lahadi na hau keke har Rigasa. Na samu Maigida a ƙofar gidansa yana gyaran wata fitila. Na durƙusa na gaishe shi, na fito da takardar. Na karanta ina fassarawa, inda Turanci ya fi ƙarfina na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya ce in sake. Na sake. Ya daɗe yana kallon zanen nan.

"Ashe wurin motsi suka bar masa," ya ce a hankali, "ni kuma na toshe." Sai ya ɗago. "Ranar ka san wannan?"

"Na faɗa, Maigida."

"Ka faɗa kamar mai tambayar hanya. Wanda ya sani ba haka yake magana ba." Ya share zanen da tafin hannu. "Amma ni ma ban ba ka wuri ba. Bawan Allah yana kwance da karaya saboda ni da kai. Je ka, sai da safe."

Ranar Litinin ya sa ni gaba har ofis. Dattijon da ko injiniyan ma yakan ce masa Baba, ya cire hula ya tsaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, direban nan ba shi da laifi, tun na farkon ma. Ni na lalata sabon kaya da hannuna. Ga takarda, yaron nan ya karanta min." Bai ce na sani tun farko ba. Ya rufa min asiri.

Injiniya ya karanta, ya yi ta faɗa, ko da yake shi ma bai taɓa buɗe akwatin ba. Aka janye takardar sallama. Maigida kuma aka sauke shi daga shugabanci, aka kawo wani daga waje, ya koma mai walda kawai a yadin da ya yi shekaru yana ba da umarni. Bai taɓa nuna min a fuska ba.

Bayan damina wani manifol ɗin ya iso. Ni da Maigida muka ɗaura shi yadda takarda ta ce, gida uku, da dogayen ƙusoshinsa. Da aka tayar da inji ya ɗan yi hayaƙi ta mahaɗan, amma yana ɗaukar zafi ya toshe ƙam. Har na bar kamfanin bai sake tsagewa ba.

Direban ya dawo aiki, hannu ya warke, tarin ne dai bai rabu da shi duka ba. Ya yi ta yi min godiya, har matarsa ta aiko min da doya. Doyar nan ce ta hana ni sakat. Na same shi yana cin abinci a inuwar buldoza, na ce, "Yaya, akwai abin da ban faɗa maka ba. Tun ranar da aka yi waldar na san zai tsage. Ranar da ka roƙe ni ma na sani."

Ya ajiye cokali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Har yau ina son inji kamar da, kuma har yau bakina ba ya shiru a kansa, duk wanda ya san ni ya sani. Sai dai na gane cewa surutuna na da duk na nuna kai ne, ranar da maganata za ta yi wa wani amfani kuwa na haɗiye ta. Yanzu duk kayan da ya zo da sabon fasali, sai na karanta takardarsa a gaban kowa kafin a taɓa sifana, kuma in babba ya yi kuskure nakan bi shi gefe a ranar, ba na bari ta kwana. Girmama manya bai hana wannan ba, ni ne na fake da shi.

Direban ya yafe min daga baya, har bikin 'yarsa na je. Amma abin da ya ce a inuwar nan yana nan tare da ni. Ya dube ni ya ce, "Sati biyar ina shan hayaƙin nan, ƙanena. Kuma kullum da safe sai ka zo ka tambaye ni ya jiki."