Babu Mai Canjinta

Yau shekara guda da rasuwar Sista, ungozomar da ta koya mini aiki a Dutse. Kullum kokonta a bakin taga yake hucewa ba ta sha ba, don ita kaɗai ce a ɗakin haihuwa.

Wata Laraba aka kira ta a waya, 'yarta na naƙuda a Garki. Ta nemi izini, shugaban asibiti ya ce babu mai canjinta. Ina kallonta tana ɗaure cibiyar jaririn wata.

Na ce, "Sista, ki tafi kawai."

Ta ce, "Ke ɗaliba ce, 'yata. Wa zan bar wa matan nan?"

Jikan nata bai zo da rai ba. Wai shugaban nan ne ya tashi a wurin ta'aziyyarta yana yabon haƙurinta. Har yau ba na gaishe shi.

Allah Ya hutar da ita a Aljanna.