Ƙadangarun ruwa a falonmu na Al Wukair

Shekarun baya, lokacin da nake karatu a Doha, na ɗauko iyalina muka kama gida a Al Wukair. 'Yata tana da shekara bakwai. Yarinyar da a Kano sai an roƙe ta take yin shiru, muna sauka ta kulle bakinta. Daga "to" sai "a'a". A gida ita ce mai ba awakin kakarta dusa, a nan kuwa mai gidan haya ya ce ko mage bai yarda ba. Abin ya dame ni ƙwarai.

Wata Juma'a muka shiga shagon masu sayar da kifin ado. Can na ji dariyarta, wadda na yi watanni ban ji ba. Ta manna fuska a jikin gilashi tana kallon wata halitta mai kama da ƙadangare, fata sumul irin ta kwaɗo. Mai shagon ya ce salamanda ce, kuma iri biyu gare shi. Ɗaya baƙa mai ɗigon rawaya, tana zama cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wuni take a ɓoye. Ɗayar fara mai ratsin ja, da wasu gashi-gashi a gefen kai, ita ba ta fita daga ruwa, amma dole ruwan ya zama mai sanyi.

Na rasa ta zaɓa. Wadda ba a ganinta, ko wadda ba ta fitowa? Sai na kira mahaifiyata, tunda ita ce mai kiwo.

"Ana cinsa?" ta tambaya.

Na ce a'a, Hajiya.

"Yana ba da nono? Yana gadi?"

Na ce kallonsa kawai ake yi.

Sai ta ce, "Karatun nan dai lafiya ko? To in za ka ɗauka, ɗauki mace da namiji, su hayayyafa."

Mai shagon ya ce suna ƙanana ba a gane jinsinsu. Ya kamo farare biyu ya ce da Larabcinsa, "Yalla, khalas," wato shi ke nan, "Allah ya sa a dace."

Duk lokacin sanyi lafiya lau. Da zafi ya shigo sai suka daina cin tsutsa, gashin nan nasu ya kanannaɗe. Na canza abinci, na canza waje, na rage haske, har da kashe talabijin wai ko hayaniya ce. Ruwa kam ban zarge shi ba. A Doha in zafi ya yi, famfon sanyi tafasasshen ruwa yake kawowa saboda tankin yana saman rufi, don haka nakan tara a bokiti ya kwana ya huce. In na tsoma hannu sai in ji kamar ruwan randa. Ni Bakano, me ya fi wannan sanyi?

Matata ta ce, "Baban yarinya, in abin nan ya mutu, bakinta zai sake rufewa fa." Na san haka, shi ya sa na koma shagon. Mai shagon ya miƙo mini ma'aunin zafi, ya nuna mini inda ya kamata ya tsaya. Da na gwada a gida, ashe abin da nake kira sanyi, su a wajensu zazzaɓi ne.

Daga ranar firjinmu ya cika da gorunan ƙanƙara. Naman miya ya koma firjin maƙwabta. 'Yata ce ta karɓi aikin, safe da yamma tana sauya gora a tankin gilashin da suke ciki, tana yi musu faɗa in sun ƙi ci. Wata safiya ina ɗaura takalmi ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba, su ma nan ba garinsu ba ne, ko?"

Na ce eh.

Ta ce, "To ai za su saba. Sai dai a riƙa kula da su."

Ba su taɓa yin ƙwai ba, daga baya aka ce duka maza ne, kuma Hajiya har gobe tana yi mini dariya. Har yau ban san ko na zaɓi daidai ba. Abin da na sani, a daren ranar da 'yata ta yi maganar nan, da muka kira gida, Hajiya ce da kanta ta ce a karɓe wayar daga hannun yarinyar nan, kunnenta ya gaji da surutu.