Ranar da Na Ɗaure Kayan Matar Yaya

Ƙarfe shida da minti ashirin na safiyar wata Litinin cokalin shayi ya suɓuce mini, ya faɗa bayan tukunyar lantarki. Na riƙe lokacin ne saboda ina cikin duba agogon hannuna, kada in makara lise, makarantarmu ta sakandare. Na kama tukunyar da hannu biyu zan ɗaga, sai na ji ta manne da dakalin kamar an shafa mata ƙaro. Da na fizga ta ɓamɓaro, kyankyasai suka ɓarke daga ƙarƙashinta. Manya jajaye, da ƙanana farare waɗanda ba su gama yin launi ba. Wasu suka hau bango, wasu suka bi hannun rigata, ɗaya kuma ya yi ta gudu a bakin dakalin har ya faɗa kwanon koko.

Matar yayana, wadda nake kira Tanti, tana tsaye a bakin ƙofa. Ta sa ludayi ta tsamo shi, ta watsar a tsakar gida, ta motsa kokon, ta zuba mini a kofi.

"Sha ki tafi, ƴar lakwal. Bai daɗe a ciki ba."

Haka take kirana, wato ƴar makaranta. Na karɓa da hannu biyu, na ce na gode. Na zagaya bayan ɗaki na tuttular.

Daga ƙauyenmu na gefen Yekuwa aka kawo ni Magariya gidan Yaya don in yi lise. Shekarar bak ce, jarrabawar ƙarshe, saura wata uku. Ba ni da wani gida a garin. In na bar gidan Yaya na bar karatun ke nan, kowa ya san haka, ni kuwa na fi kowa sani.

Yaya fataucin kayan moto, wato babur, yake yi, kullum yana hanyar iyaka. Da zai yi aure ya gina ɗakin girki irin wanda ya gano a can, da dogon dakalin siminti wanda aka lulluɓe da farin karo, wato tayil, mai santsi. A kan dakalin nan aka jera wa Tanti kayan da danginta suka yo mata: tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, injin markaɗe biyu, butar lantarki biyu, abin gasa burodi, abin matse lemu, tarmus uku na ruwan zafi, da wani farin akwati mai ƙofar gilashi wanda ba a taɓa jona shi ba. Goma sha ɗaya, na ƙirga. Kowanne da ɗan ƙyallen leshi a kansa. Girki kuwa a tsakar gida ake yi a murhu, in ana sauri a kan risho, don wuta tana zuwa ne ranar da ta ga dama. Abin da ya rage na dakalin bai fi faɗin faranti biyu ba. Nan ake yanka albasa, nan ake ajiye koko, nan ake rufe sauran tuwo.

Daga ranar nan abinci ya ƙi wuce mini maƙogwaro. In na ga ɗigon baƙi a miya, ko da na san daddawa ce, sai yawu ya cika mini baki. Na koma cin ƙuli-ƙuli da awara a ƙofar makaranta. A gida in an ba ni kwanona, in shiga da shi ɗaki, in ɗan tona gefe ɗaya don a ga alamar hannu, in rufe. Ni a tunanina babu wanda ya lura.

Ran Alhamis Tanti ta buɗe kwanon a gaban Yaya.

"Malam, dubi abin da ƙanwarka take yi mini. Kwana huɗu ke nan. Ko tuwon namu ne bai kai na Yekuwa ba?"

"Ba ki da lafiya ne?" in ji Yaya.

Na ce lafiyata lau.

"To mene ne?"

Na dubi yatsun ƙafata. Ta yaya zan ce wa mace a gaban mijinta ɗakin girkinta ne yake tayar mini da zuciya?

"In gidan ne bai yi miki ba," ya ce, "taksi kullum yana tashi."

Washegari, bayan na yi ta juya maganar a baki tun safe, na sami Tanti tana ɗaure ɗankwali. Na ce ko za ta bar ni in gyara dakalin gobe Asabar, tunda za ta garin Waca suna. Na tambaye ta wanne zan bari a waje, wanne zan ɗauke.

Ba ta ko juyo daga madubin ba. "Ke da kika yi boko? Gyara yadda kika gani."

Na ɗauki maganar a yadda ta faɗe ta.

Da ta fita na yage takarda daga tsakiyar kaye, littafin rubutuna, na ja layi uku da biron bik. Sunan abu. Yana aiki ko ba ya yi. Yaushe rabon a taɓa shi. Na ɗaure hancina da tsohon mayafi, na fara daga hannun dama.

Injin markaɗe na farko yana aiki. Na biyu, da na kwance gindinsa, ƙwayayen kyankyaso ne jere a ciki kamar wake, wasu sun fashe, wasu ba su fashe ba. Abin gasa burodi na kife shi na girgiza, kashin ɓera ya zubo kamar ana sheƙa gero. Tarmus ɗaya akwai sauran kunu a ciki wanda ya daskare ya tsage, ya yi gashi. Butar lantarki ta biyu ta yi mini nauyi kaɗan, na leƙa, sai ga tsaka ta mutu ta bushe a ƙasa, idanun sun lotsa, yatsun a ware. Na fita tsakar gida na tsuguna bakin magudana na daɗe. Babu abin da ya fito, don babu komai a cikina.

Tukunyar shinkafar na bari ƙarshe. Murfin ya ƙi buɗuwa sai da na sa wuƙa. Shinkafa ce a ciki, ko abin da ya taɓa zama shinkafa. Daga baya na gane tun walimar da Yaya ya yi wa abokansa ce, kafin azumi, wuta ta ɗauke ana tsakiyar dahuwa aka koma murhu, aka rufe wannan aka mayar mata da leshinta. Saman ya yi kore, gefen ya yi baƙi, tsakiyar kuma tana motsi. Na mayar da murfin. Na sa ta a leda biyu na ƙulle, na ce wannan sai na huta.

Sauran na wanke su da garin sabulu da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta har fatar yatsuna ta yi yaushi. Na goge karon, na bi layukan da ke tsakani da tsohon burushin haƙori. Sannan na duba takardata. Abin da yake aiki kuma ake taɓawa uku ne: injin markaɗe ɗaya, buta ɗaya, tarmus ɗaya. Su na mayar. Dakalin ya yi fili fetal, fari ƙal, har hasken taga yana kwanciya a kai. Tun da na zo gidan ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Sauran bakwai, ban da tukunyar, na nemo kwalayen kayan moto na Yaya na shirya su ciki, na rubuta wa kowane kwali abin da ke cikinsa, na ɗaure da igiya tamau. Ɗakin ajiya a kulle yake, makullin yana wurin Yaya. Sai na jera kwalayen a zaure, kusa da ƙofar waje, da ledar tukunyar a gefensu, kafin ya dawo.

A ƙauyenmu na tashi, na ga an ɗaure kayan mace an fito da su zaure ba sau ɗaya ba, kuma na san abin da yake nufi. Amma a ranar ko kaɗan bai zo mini a rai ba. Ni kyankyasai kawai nake gani.

Wajen azahar maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya. Ta tsaya a zauren, ta karanta kwali ɗaya da ƙyar, ta dafa ƙirji.

"Ke, kayan wa aka ɗaure?"

Na ce na Tanti ne.

"Wa ya sa ki?"

"Yaya nake jira ya zo a kwashe."

Ta fita ba ta karɓi rariyar ba.

La'asar ba ta yi ba taksi ya tsaya a ƙofar gida. Tanti ce ta fara fitowa, mayafi a hannu, idanu jajur. Bayanta mahaifiyarta, Iya, tsohuwa doguwa mai sandar ƙarfe, wadda aka taso daga tsakiyar taron suna. Suna shiga zaure moton Yaya ya iso, shi ma waya ta same shi a hanya.

"Me ta yi maka?" in ji Iya. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. "Shekara biyu, ko takarda ba ka ba ta ba, sai dai mu ji a bakin mutane an fito da kayanta?"

"Wallahi Iya ban san komai ba. Wace takarda? Ni da na fita tun asuba?"

"To aljanu ne suka ɗaure?"

Mata sun fara taruwa a ƙofa, har da masu goyo. Duk suka juyo suka dube ni. Takardar tana hannuna, na miƙa wa Yaya. Ya duba layukan nan uku, ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Mene ne wannan? Jarrabawa kike yi mana?"

Tanti ta ce, "Cewa na yi ki gyara! Na ce ki kore ni daga gidan mijina?"

Abin da na yi bayan wannan shi ne ya fi muni, kuma har yau ina jin nauyinsa. Na jawo ledar nan, na kwance, na ɗaga murfin tukunyar a gaban kowa. Warin ya cika zauren. Wata mai goyo ta ja da baya tana tofar da yawu. Wata ta ce, "Subhanallahi, a ɗakin amarya?" Tanti ta dubi cikin tukunyar, ta dubi matan da ke ƙofa, ta rufe fuska da mayafi ta shige ciki da gudu. Ni so nake a gane dalilina. Ban yi tunanin a gaban wa nake tona ta ba.

Yaya ya kori matan, ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Ki kwance su ki mayar yadda kika same su. Gobe in an karya ki haɗa naki kayan. Zan kai ki tasha."

Na mayar da su kafin magariba, duk bakwai ɗin, kowanne da leshinsa. Tukunyar na bar ta a bayan ɗaki cikin ledarta. Farin filin nan ya sake komawa faɗin faranti biyu.

Iya a gidan ta kwana. Da safe, bayan na naɗe tabarmata na ɗaure littattafaina, na shiga ɗakin girki in ɗauki kofina. Na tarar da ita zaune a kan kujerar tsuguno, ta sauko da injin markaɗe na biyu ta kwance gindinsa, tana leƙawa. Ta shinshina. Ta ɗauki butar da tsaka ta mutu a ciki, ita ma ta shinshina, ta ajiye.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Ke kika wanke waɗannan?"

"Ni ce, Iya."

"Da me?"

Na faɗa mata.

"Kwana nawa rabonki da tuwon gidan nan?"

"Shida."

Ta yi tsaki, ban san ko da ni take ba ko da ɗiyarta. Ta ce wannan injin ƙanwarta ce ta kawo shi, butar ta matar wanta ce, farin akwatin kuma mata biyar ne suka haɗu a kansa, kuma duk wadda ta zo Magariya cin kasuwa sai ta biyo ta leƙa ta ga nata yana nan. Babu layin wannan a takardata.

Tunda dai tafiya zan yi, kunyar ta ɗan sake ni. Na yi mata tambayar da na yi wa Tanti.

"Iya, to a cikinsu wanne ya kamata a bari a waje, wanne za a ɗauke?"

Ta dogara sandarta ta miƙe. Ta ɗaga murya yadda Yaya da ke tsakar gida zai ji, da Tanti da ke cikin ɗaki.

"Ko ɗaya ba za ki ɗauke ba. Duk ran Juma'a ki sauko da su, ki wanke, ki kife a rana, ki mayar da kowanne inda yake, igiya kuwa kada in sake jin ta taɓa su. Tukunyar ni na saya, ni zan tafi da abata, wurinta ya zama na yanka albasa. Kuma babu tashar da za a kai ki. In kin tafi wa zai wanke? Kwance littattafan nan, ki zo ki dama mana koko da hannunki, ni ma tun jiya ban iya cin komai ba."