Magen da ke Kwana a Ƙirjin Bukar

A ɗakin Kaka muke kwana, ni da yayana Bukar, a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa Gumel ba. Bukar ɗan fari ne, don haka tun da aka yaye shi Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauke shi. Innarmu ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune. In ya zama dole sai ta ce "yaron nan". Haka kowace mace take yi da ɗan farinta, ba wanda ya ga laifi.

Bukar yana da fuka. In ta taso masa sai ya zauna ya dafa gwiwoyi, ƙirjinsa yana fito kamar sarewar kara. An yi masa rubutu, an ba shi zuma, an jiƙa masa jar kanwar da Baba ya sayo a Maigatari. Ta lafa, ta dawo.

Bayan sallar isha Kaka takan hura wuta a tsakiyar ɗaki ta saki asabari. Muna da wata farar mage mai baƙin kunne ɗaya. Kaka takan ɗauke ta ta ɗora wa Bukar a ƙirji, ta ce, "Maigida, ga amaryarka, ni na tsufa." Ya yi ta dariya har tari ya tsayar da shi. Sannan ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, ta shigo."

Akwai wata tatsuniya da ba ta gajiya da ita. Wai a da can mage ba ta ƙugi, shiru take kamar inuwa. Wata mata tana da ɗa ɗaya tak, ƙirjinsa yana kuka dare da rana. Ta kai shi wurin kura, kura ta ce a bar mata shi ya kwana. Ta kai shi wurin gizo, gizo ya ci kazar magani ya gudu. Ta dawo ta zauna a bakin rumbu tana hawaye. Sai mage ta ce, "Tun ina 'yar ƙarama kike zuba mini nono a sakaina. Kwantar da shi." Ta hau ƙirjin yaron ta yi ta jan kukan har ya koma cikinta. Yaro ya tashi lafiya, mage kuwa har yau tana ɗauke da shi. Kaka takan rufe da cewa, "Mai ƙaunarka shi ke ɗaukar ciwonka. Ta ƙare, kowa ya ja zanensa."

Mun yarda da ita. Nakan kasa kunne in ji ƙugin mage da fiton Bukar sun haɗu, in ce a raina yanzu tana ja.

Wata shekara bayan girbi Inna ta tafi bikin ƙanwarta a Gagarawa, aka haɗa ta da mu biyun. A can muka yi ta kwana a rumfa tare da yaran gidan. Bukar ya yi langa, ya yi tsere, ban ji fiton nan ko sau ɗaya ba. Na ga Inna tana kallonsa ta gefen ido. Ranar da muka dawo gida, kafin Kaka ta kai tsakiyar tatsuniya, ya tashi zaune ya dafa gwiwoyi.

Washegari Inna tana daka ta kira ni. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Ki ce wa Kakarki, ko za a bar magen nan ta riƙa kwana a rumbu. Ɓera ya yi yawa."

Na faɗa. Kaka ta yi dariya, ba ta fushi ba. "Ɓera? 'Yar nema, uwarki ce ta aiko ki. Yaushe ta san yana da ƙirji? Ki ce mata ni na raini ubanki. Ba ki jin ƙugin? Nasa ne take ɗauka. In na fitar da ita, wa zai rage masa?"

Inna ta gwada ta wajen Baba. Ya ce, "Iya ta fi mu sani." Maganar ta tsaya nan. Abin da ya rage mata shi ne ta zo da yamma ta tsaya a bayan asabari, wai tana neman ludayi, tana sauraron numfashinsa.

A sanyin shekarar da ta biyo Allah ya karɓi Bukar, yana jingine da Kaka. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kunya ba ta ba ta wannan damar ba. Ta wuni a bakin dutsen niƙa, alhali akwai gari a gidan. Kaka ta ci gaba da hura wuta, amma ba ta ƙara yin tatsuniyar mage ba.

Sai da na haifi nawa, na kai ɗaya asibitin Gumel da irin wannan fito, malamin asibiti ya tambaye ni ko akwai mage a ɗakin kwana, ko ana hura wuta. Ya ce gashinta da hayaƙi suna tayar wa wasu yara fuka. Ban san wanne ne ya fi cin Bukar ba. Ajali kuma na Allah ne.

Na daɗe ina juya maganar Kaka, cewa mai ƙaunarka shi ke ɗaukar ciwonka. Na ga mutane biyu da za su ɗauki ciwon nan da hannu bibbiyu in da ana ɗauka. Ɗaya tana da bakin magana ba ta sani ba, ɗaya ta sani ba ta da bakin magana.

Da na gaya wa Inna abin da malamin ya ce, ta riga ta tsufa, tana kaɗi a tsakar gida. Ta tsayar da mazari ta ce, "Ki fitar da taki magen yau. Kada ki aiki kowa. Ki shiga da kanki."